Sharhi a kan ftrace da ɗan rubutun da ke kamo aikin da ke kayar da Linux

Duk mai kula da kwamfutocin da ke aiki da Linux, ko a ɗakin gwaji na makaranta ko a shagon intanet a Birnin Kebbi, zai amfana da sanin ftrace, kayan bin sawun da ke cikin kanel ɗin kansa, wato zuciyar Linux da ke sarrafa na'urar, wanda Steven Rostedt ya jagoranci rubutawa kuma ya shiga Linux a fitowa ta 2.6.27 a shekarar 2008. Yana nuna kowane ƙaramin aiki da kanel ya kira da kuma wanda ya kira shi, ba tare da an sayi wata manhaja ba, domin ana sarrafa shi ne ta fayilolin da ke /sys/kernel/tracing.

Matsalar takan taso ne a ranar da mai bin sawun ya zama shi ne mai laifi. Mutum zai rubuta kalmar function a cikin fayil ɗin current_tracer don kunna bin sawun, nan take allo ya daskare, ko kuma kwamfutar ta sake tashi da kanta ba tare da ta bar saƙo ko ɗaya ba. Dalili kuwa shi ne ftrace yana sauya umarnin da ke bakin kowane aiki alhali kanel na gudana, kuma akwai ayyukan da bai kamata a bi sawunsu ba, musamman waɗanda shi kansa yake dogara da su. Idan aka manta ba a sa musu alamar notrace ba, sai ya yi ta kiran kansa har komai ya tsaya. Wannan haɗari ba sabo ba ne, domin a lokacin gwajin 2.6.27 wani kuskure a cikinsa ya riƙa rubutu a inda ba nasa ba, ya lalata ma'ajiyar wasu katunan sadarwa na Intel masu direban e1000e, har sai da aka dakatar da wannan sashe na ftrace aka sake masa tsari.

Maganin da na fi amincewa da shi shi ne ftrace-bisect.sh, wani ɗan rubutun umarni da ke cikin scripts/tracing a tushen kanel. Ana kwafe sunayen da ke available_filter_functions, wato jerin ayyukan da ake iya bin sawunsu, rubutun ya raba su biyu, a zuba rabi a set_ftrace_filter, fayil ɗin da ke zaɓar waɗanda za a bi, a kunna. Idan kwamfuta ta faɗi, mai laifin yana cikin wannan rabin. Idan ta tsaya daram, yana ɗayan. Haka za a yi ta yi, kamar yadda mai albasa a Aliero yake rarraba buhu don gano wadda ta fara ruɓewa, kuma ko da ayyukan sun kai 40,000, zagaye 16 sun isa a kai ga suna guda. Tun daga fitowa ta 5.1 ana iya zuba lambobin ayyuka a maimakon sunayensu, abin da ya rage jiran mintoci da ake yi a da.

Rauninsa shi ne komai da hannu ake yi, kuma ya ɗauka cewa duk faɗuwar da aka gani ftrace ne ya jawo ta. A nan Kebbi, a zafin Afrilu, kwamfuta tana iya mutuwa saboda zafi ko ɗaukewar wuta, kuma da zarar an ɗora laifi a kan rabin da ba shi ba, sauran zagayen duk sun tashi a banza. Saboda haka ina ganin wajibi ne a haɗa ta da inbata, a kuma tura saƙonninta zuwa kwamfuta ta biyu ta kebul ɗin siriyal ko netconsole, mai tura saƙonnin kanel ta hanyar sadarwa, a ga layukan ƙarshe da ta fitar kafin ta yi shiru.

Na yaba da wannan rubutu ƙwarai, amma a kwamfutar gwaji kawai, ba wadda jama'a suke aiki da ita ba. Idan aka samu sunan aikin, a sa shi a set_ftrace_notrace, fayil ɗin ayyukan da ba za a bi sawunsu ba, a sake gwadawa ko akwai na biyu, sannan a aika sunan ga masu kula da kanel domin a gyara.