Agogo, zobe ko shimfiɗa: wace na'urar auna barci ta dace da bincike?

Ma'aunin da ake gwada kowace na'urar barci da shi shi ne gwajin asibiti, inda ake manna wayoyi a fatar kai da gefen ido da haɓa, a naɗi lantarkin ƙwaƙwalwa, sannan ƙwararre ya yayyanka daren zuwa daƙiƙa 30-30, ya tantance kowane yanki. Agogo da zobe ba sa ganin ƙwaƙwalwa. Galibi motsin hannu da bugun zuciya suke gani, sauran duk ƙiyasi ne. Shi ya sa suke gane barci sosai, amma suna yawan kuskure wajen gane farkawa. Mai fama da rashin barci da ya kwanta shiru yana kallon silin, na'urar za ta rubuta masa barcin da bai yi ba.

Idan tambayar bincikenka ita ce ƙarfe nawa mutane ke kwanciya da awa nawa suke samu, zaɓi na farko shi ne na'urorin auna motsi da aka ƙera don bincike, irin su ActiGraph da GENEActiv da Axivity AX3. Ba sa nuna wa mai ɗaure da su sakamakon barcinsa, kuma wannan alheri ne, domin wanda ke duba makinsa kowace safiya yakan sauya halinsa. Mafi muhimmanci, suna ba ka ɗanyen bayanin motsi, ka tace shi da hanyar lissafi da kowa zai iya dubawa, kamar ta masu bincike Cole da Kripke ta 1992, ko manhajar GGIR wadda kyauta ce. Da Axivity aka auna mutum kusan 100,000 a babban binciken lafiya na UK Biobank a Birtaniya, kowa kwana 7. Caji ɗaya yana kai mako, kuma ba a buƙatar waya ko intanet, sai dai ka karɓo na'urar ka jona da kwamfuta.

Na kasuwa, wato Fitbit da Apple Watch da zoben Oura, sun fi daɗin sakawa, kuma suna ƙara bugun zuciya a kan motsi. Shirin binciken lafiya na All of Us a Amurka ya tara bayanan Fitbit na dubban mutane na tsawon shekaru, abin da ɗakin gwaji ba zai iya ba. Amma ga inda gizo ke saƙa: lissafin da ke juya motsi ya zama "barci mai nauyi" sirrin kamfani ne, kuma ana iya sauya shi a sabunta manhaja ba tare da an sanar da kai ba. Sai ka ga alƙaluman Maris sun bambanta da na Yuni, alhali mutanen ba su canza ba. Ka riƙa rubuta samfurin na'ura da lambar manhaja da ranar kowane sabuntawa, kada kuma ka haɗa kamfani biyu a rukuni ɗaya. Matakan barcin (mai nauyi, marar nauyi da sauransu) da suke nunawa cikin launuka, kada ka gina sakamako a kansu. Apple Watch na son caji kusan kullum, wanda ya manta ya bar shi a soket ka rasa daren. Oura na kai kwanaki, amma akwai kuɗin wata, kuma sai an auna yatsan kowane mutum kafin saye.

Shimfiɗar Withings da ake sawa ƙarƙashin katifa ba a mantawa da ita, sai dai tana buƙatar wutar soket duk dare, da kuma Wi-Fi. A gidan da wuta ke ɗaukewa, ko ake fita tsakar gida da tabarma lokacin zafi, ko uwa ke kwana da jariri, bayananta ba za su amfane ka ba.

Mai bincike a Kano ko Maraɗi ya kula da barci mai kashi-kashi. Mutum ya tashi sallar asuba, ya koma ya kwanta, ya ƙara da ƙailula bayan azahar; da azumi kuma ga sahur. Fitbit ba ya kama barcin da bai kai awa ɗaya ba da kansa, kuma ba ya fitar da matakai sai barci ya kai awa 3. Ka haɗa kowace na'ura da takardar da mutum zai cike lokacin kwanciya da tashi da barcin rana, a auna aƙalla kwana 7, in da hali 14, don ranakun hutu su shiga.

Kafin ka biya kuɗi, ka sayi guda biyu ka gwada mako guda, ka tabbatar kana iya sauke bayanin minti-minti, ba jimillar dare kaɗai ba. Ka kuma bincika inda bayanan ke zama, domin na kasuwa suna bi ta rumbun kamfani a ƙasar waje. A Najeriya dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi wannan, don haka a rubuta shi ƙarara a takardar amincewar mahalarta, a buɗe musu asusu da lamba maimakon suna.