Maiƙon Kai da Amosani: Abin da Na Tarar a Wani Kantin Magani a Landan

Watana bakwai da zuwa Landan, a tsakiyar hunturun da rana take faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu na yamma, ƙaiƙayin kai ya matsa mini har ba na iya idar da sallah mai raka'a huɗu ba tare da hannuna ya nufi ƙarƙashin hijabi ba. Kwana biyu da wanke kai sai ɗankwalina ya yi danƙo, idan na tsaga gashin kuma in tarar da ɓawo mai ruwan ɗorawa ya manne a fata, ya gangaro har bayan kunne da tsakanin gira. Da na kai wa Umma kuka a waya, amsarta ita ce wadda kowace uwa a gida za ta bayar: "Ke dai ki ƙara mai, sanyin ƙasar nan ne ya busar miki da kai." Na ce, "To, Umma." Na ƙara man kaɗanya, na bi da man zaitun, na rufe da basilin a kan kowane layin kitso, amma abin sai gaba yake yi.

Ganin likita a nan yana buƙatar a buga waya da sassafe a nemi gurbi, kuma na ji nauyin in tare wa mai ciwo na gaske wuri saboda amosani. Wata abokiyar aikina ce ta ce in je kantin magani in nemi yin magana da mai harhaɗa magunguna. Na tafi da tunanin kemis irin namu, inda mutum zai faɗi damuwarsa a gaban jama'a, a miƙo masa kwalba ta saman kanta, ya biya ya fita.

Matar da na samu 'yar asalin Pakistan ce, ita ma da lulluɓinta. Da ta ji abin da ya kawo ni, ba ta juya wajen kwalabe ba, sai ta buɗe wani ɗan ɗaki a gefe, ta ce in shigo, ta rufe ƙofa, sannan ta nemi izinina kafin in zame hijabi. Ta sa safar hannu, ta bi layukan kitson ɗaya bayan ɗaya, ta duba bayan kunnena da gefen hancina. Daga nan ta shiga tambaya: sau nawa nake wanke kai, me nake shafawa, kwana nawa kitso yake yi kafin in tsefe, ko ina ɗaura ɗankwali kan yana da lema, ko ina da ciki, ko akwai wurin da gashi ya zube ya bar fili. Lokacin da na ce kitso yakan yi mako uku ba a wanke shi da sabulu ba, kuma kusan kullum ina shafa mai, kunya ta rufe ni, domin a gida wannan shi ne kula da kai, amma a ɗakin nan na ji kamar ina tona wa kaina asiri. Ita kuwa ko fuska ba ta canja ba.

Bayaninta ne ya tsaya mini a rai. Ta ce fatar kai tana fitar da nata maiƙon, kuma akwai wata ƙwayar halitta dangin yis mai suna Malassezia da take zaune a fatar kowane mutum tana cin wannan maiƙo. A jikin wasu, abin da take bari bayan ta ci shi ne yake fusata fata har ta riƙa saɓa da ƙaiƙayi. Wato ɓawon da nake gani ba alamar bushewa ba ne, kuma man zaitun da nake zubawa abinci nake kai wa abin da yake damuna, sauran mayukan kuma suna manne ɓawon a fata. Ta ƙara da cewa sanyi da damuwa sukan tayar da shi, haka ma rufe kai da lema. Nan na tuna sau nawa nake fitowa daga wankan ibada da asuba, ruwa yana kwance a cikin kitso, in zura hula in ɗora hijabi in ruga tashar jirgi.

Ta ba ni shamfu mai sinadarin ketoconazole kashi 2 cikin 100, wanda ake sayarwa ba tare da takardar likita ba, kuɗinsa bai kai fam 10 ba. Ta ce in tsefe kai, in goga shi a fata da tafin yatsu ba da farce ba, in bar shi minti 3 zuwa 5 kafin in ɗauraye, sau biyu a mako har mako 4, daga baya sau ɗaya a mako ko mako biyu don kada ya dawo. Mai kuma, in ya zama dole, a jelar gashi kawai. Idan wata ya cika babu sauƙi, to a lokacin in ga likita. Duk wannan dubawa da bayani ba a karɓi ko kwabo a kansu ba. A mako na biyu ƙaiƙayin ya kwanta.

Kada a ɗauka komai na nan daɗi ne. Ruwan famfon Landan cike yake da sinadarin alli, wanda duk mai butar shayi yana ganin farin ɓawonsa a gindinta. Sabulun salon da na taho da shi daga gida, wanda yake kumfa kamar me a ruwanmu, a nan sai ya bar wani dafi-dafi a gashi, mutum ya gama wanka ya ji kan ya yi masa nauyi. Manyan kantuna kuma layi guda ne na shamfu, an rubuta wa kowanne irin gashin da ya dace da shi, amma yawancinsu an yi su ne don gashin Turawa mai santsi, da tunanin mai shi zai wanke kullum. Gashinmu ba ya jure haka, karyewa yake yi. Kayan da suka dace da mu sai an je unguwanni irin su Peckham, a can ɗin ma rabin abin da ke kan kanta mayuka ne masu kauri irin waɗanda aka hana ni. Kitso kuwa, shuku ɗin da maƙwabciyarmu take yi mini ina zaune a tabarma muna hira, a nan sai na nemi rana tun mako guda, na biya fam 60. Wanda aka ce ya riƙa tsefewa a kai a kai, wannan kuɗi ba ƙaramin nauyi ba ne, dole na koyi yi wa kaina kalaba manya guda shida.

Abin da yake ci mini rai idan na waiwayi gida shi ne shekarun da na yi da wannan matsala ba wanda ya taɓa tsaga gashina ya duba da niyyar sanin dalili. Mai kitso tana ganin ɓawon, sai ta kankare shi da kibiya har fata ta yi ja, ta cika wurin da mai, kuma da wannan kibiyar da matajin za ta karɓi kai na gaba ba tare da sun ga ruwa ba. A kemis an taɓa ba ni man shafawa mai haɗin magani uku ba tare da tambaya ko ɗaya ba, ya kwantar da abin na kwana goma, ya dawo fiye da da. Muna kashe dubbai a kan haɗin man tsawon gashi da ake tallatawa a Instagram, ba mu san abin da aka zuba a ciki ba, fatar da gashin yake tsirowa a kanta kuwa mun bar ta a toshe.

Duk da haka, ranar da na gama makonni huɗun nan, gashina ya yi tsabta amma ya yi kaushi, babu abin da na yi marmari irin karkashi, yadda Umma take jiƙa shi a ƙwarya ya yi yauƙi, ta bi gashin da shi har mataji ya wuce ba gardama. Na roƙe ta ta daka mini ta ba wani mai tahowa, ni kuma na aika wa ƙanwata kwalba biyu ta shamfun tare da takarda da na rubuta mata yadda ake amfani da shi, domin ita ma tun tana firamare take susar kai.