Gargaɗi ga masu kai saƙo a babur a Manchester: fam 95 ɗina ya tafi

Jama'a assalamu alaikum. Kwana huɗu ke nan ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya, amma jiya na ji mutumin da ya sayar min da robar hannun babur ta bogi ya sake yi wa wani yaro irin abin da ya yi min, to shiru ya ƙare.

Fam 95. Fam 70 na robar hannun babur mai ɗumi, wadda ke aiki da wutar batir, fam 25 na ɗaurawa. Fam 95 na tura masa ta banki ina tsaye a gabansa, har da ce masa Allah ya saka da alheri.

Duk mai kai abinci a babur a ƙasar nan ya san abin da Disamba ke nufi. Ƙarfe 4 na yamma duhu ya rufa, ruwa yana tsula, safar hannu biyu a hannunka amma yatsu sun ƙandare har ka kasa jan birki da kyau. Ba gayu ne ya sa na nemi abin nan ba. A cikin guruf ɗinmu na WhatsApp na ga tallarsa, wai sabo ne dal a kwali, na kamfanin da kowa ya sani, a rahusa.

Abin da ya hana ni barci shi ne wannan. Mun haɗu a wurin ajiye motoci bayan sallar Juma'a, ya gaishe ni da Hausa, ya tambayi mutanen gida, Yaya yake ce min. Sai ya kama hannuna ya ɗora a kan hannun babur ɗinsa ya ce, "Yaya taɓa ka ji." Na taɓa. Ɗumi kamar ka riƙe kofin shayi. Wallahi a nan ya gama da ni. Ya kama hannuna da nasa hannun! Nasa na gaske ne, wanda ya ɗaura min kuma tarkace ne aka zuba a kwalin na gaske. Kwalin ma da shi ya tafi, wai zai yar min.

Kada wani ya ce min wauta na yi. Shekara 11 ina kan babur a Kano kafin in zo nan, kuma na yi tambaya. Na ce masa babur ɗina 125 ne, batirinsa ƙarami, zai ɗauka? Ya ce idan ka kashe inji abin yana kashe kansa. Na tambayi kauri, ya ce milimita 22, daidai da ƙarfen hannuna. Duk abin da mai hankali zai tambaya na tambaya. Rasit ne kawai ban karɓa ba, don wa ke neman rasit a wurin wanda kuka fito masallaci ɗaya?

Ranar Litinin, a'a, Lahadi da safe ne, na murɗa makulli shiru. Ko fitila ba ta kawo ba. Babur ɗin ba shi da kik, sai turawa. Amma tun kafin nan, daren Asabar, a wani shataletale na murɗa totur sai robar ta juya ita kaɗai a hannuna, babur bai amsa ba, ga bas a bayana. Allah ne ya kiyaye. Ashe ko gam bai sa ba, tura ta kawai ya yi. Na kira shi a daren ya ce zai zo da safe. Da safen ne batir ya mutu. Na sake kira, ya toshe lambata.

Da na kai wa bakanike ya buɗe, sai da ya kira ni in gani da idona. Wayar mutumin nan ya haɗa kai tsaye da batir, babu fiyus, babu rile (makunnin da ke yanke wuta idan an kashe makulli), baƙin salatif kawai ya naɗe. Wani wuri a ƙarƙashin tanki robar wayar ta fara narkewa. Ƙarƙashin tankin mai fa! Bakaniken ya ce irin wannan hannu yana jan kusan amp 3 zuwa 4 idan an ƙure shi, batirin ƙaramin babur kuwa bai wuce amp-awa 5 zuwa 7 ba, ko awa biyu ba zai yi ba ya kwanta idan inji ba ya aiki. Ga aikinmu na tsaya-tashi, koyil ba ya samun damar cika batir. Shi ya sa ko dai a haɗa ta rile yadda sai an kunna makulli wuta za ta shiga, ko a sayi mai kashe kansa na gaske. Abin da ya ɗaura min ba ya kashe komai.

Sabon batir fam 45, aikin bakanike fam 30, kwana biyu ban fita ba. Duk a kan fam 95 ɗin can. Na kira banki, suka ce ko da sun amince damfara ce, dokar da ta fara aiki a Oktoban 2024 ta ba su damar cire har fam 100 na farko daga abin da za su mayar. Nawa kuwa 95 ne. Har yanzu ina jiran amsarsu.

Ina da hirarmu duka, da shaidar tura kuɗi, da hoton wayar da ta narke. Zan ɗora su yau da dare idan na rufe sunan asusun, don na riga na kai wa 'yan sanda.

Kada ku biya sai kun buɗe kwali da hannunku, ku ga fiyus, ku karɓi rasit. Duk wanda mutumin nan ya ɗaura wa, ya cire wayar daga batir yau ɗin nan, ya yi min magana ta ciki. Mu uku ne zuwa yanzu.