Jackson Freestyle: ya dace da ɗan hoki da ya koma zamiyar kwalliya da girmansa?

Babban mutum da ya shekara yana buga hokin ƙanƙara, in ya zo sayen takalmin zamiyar kwalliya, wato zamiya a kan ƙanƙara mai juyi da tsalle, kuskure biyu ke jiransa. Ko ya ɗauki mai arha irin Jackson Artiste don yana ganin shi ɗan koyo ne, ko ya ɗauki mai tauri irin Edea Ice Fly don yana ji da ƙarfin ƙafarsa. Na farko nauyin babba kan karya shi a idon sawu da wuri, musamman mai tura ƙanƙara da ƙarfi irin na 'yan hoki. Na biyu an yi shi ne don masu tsalle suna juyi biyu ko uku a sama, ba zai bari gwiwa ta lanƙwasa ba. Jackson Freestyle, na kamfanin Jackson da ke Kanada, yana tsakani, kuma shi ya fi dacewa da yawancin masu wannan sauyi.

Taurinsa ya isa juyi a wuri ɗaya da tsalle mai juyi guda. Gabansa yana da faɗi, yatsu suna sakewa, saɓanin takalman kamfanin Riedell da aka fi sani da matsewa. Ana ɗumama shi a tanda ta musamman a shago, a saka, ya bi siffar ƙafa. Kada a dogara da lambar takalmin hoki ko ta takalmin yawo. A auna tsawo da faɗin ƙafa biyun a tsaye, da siririyar safa. Yatsa ya ɗan taɓa gaba, dunduniya kuma kada ta ɗaga ko kaɗan. Nan ne raunin wannan takalmi: mai siririyar dunduniya zai iya jin tana zamewa, kuma ƙara ɗaure igiya ba ya magance hakan. Irin wannan ƙafa gara ta gwada Riedell ko Edea Overture.

Ƙarfen ƙasan takalmi, wanda ake zamiya a kansa, shi ne zai fi wahalar da ɗan hoki, ba takalmin ba. Freestyle yana zuwa da ƙarfen Aspire, mai kaurin kusan milimita 4, alhali na hoki kusan 3 ne. Lanƙwasar Aspire ta da'ira ce mai ƙafa 8 daga tsakiya zuwa gefe, wato mita 2.4. Ƙarfen hoki gajere ne, gaba da baya duk sun lanƙwashe sama, shi ya sa ɗan hoki ya saba ƙarasa turi da kan yatsu. A ƙarfen zamiyar kwalliya kuwa haƙora ne a gaba, ga dunduniyar takalmin da tsayi tana tura jiki wajensu. Da ya yi turin da ya saba, haƙori ya cafke ƙanƙara, sai ƙasa. Maganinsa turi da gefen ƙarfen zuwa gefe, nauyi yana tsakiya ko ɗan baya kaɗan. Wutsiyar ƙarfen ma ta zarce dunduniya, ana yawan taka ta wajen ƙetara ƙafa. A rage gudu a makonnin farko.

Aspire ya wadatar a shekarar farko. Da sukurori aka ɗaura shi, saboda haka in juyi ya fara nisa ana iya cire shi a sa ƙarfen Coronation Ace na kamfanin John Wilson ko MK Professional, masu lanƙwasar ƙafa 7, waɗanda suka fi sauƙin juyawa. Yayin ɗaura sabo, a fara da sukurorin ramuka masu tsawo kawai, a yi zamiya da ƙafa ɗaya a ga ko yana jan mutum gefe, a gyara, sannan a ƙarasa sauran.

Wasawa kuwa, don Allah kada a miƙa shi ga wanda ƙarfen hoki kaɗai ya iya. Mai wasawa da bai san wannan ƙarfe ba yakan cinye haƙorin ƙasa, ko ya baje 'yar lanƙwasar da ke bayan haƙoran, wadda a kanta ake juyi, kuma abin da aka goge ba ya dawowa. Kwarmin kaifi shi ne ɗan ramin da ake wasawa tsakanin gefen ƙarfen biyu. Na inci 1/2, wanda yawancin 'yan hoki suka saba da shi, ya yi a farko. Na inci 7/16 ya fi cizon ƙanƙara, amma mai nauyi zai ji tsayawa ta yi masa wuya. Wasawa bayan awa 20 zuwa 40 na amfani ta isa.

A makon farko a bar ƙugiyar sama ba a ɗaure ba, a matse igiya a lanƙwasar idon sawu, sama kuma a bar wurin yatsu biyu. Ƙarfen Aspire yana tsatsa da sauri in an bar shi da danshi, saboda haka a goge shi ya bushe, a rufe da murfin ƙyalle. Murfin roba na tafiya a ƙasa ne kawai, ba na ajiya ba.