Gargaɗi ga 'yan uwa mazauna waje: a yi hattara da gonar da ke alƙawarin riba ba fashi

Jama'a, musamman ku da ke neman halaliyarku a Turai, Amurka da ƙasashen Larabawa, akwai wata damfara da ke yawo a WhatsApp da Facebook da sunan zuba jari a harkar noma. Tallan kan zo da bidiyon gona da aka ɗauko daga sama, kore shar, ga matasa cikin riguna iri ɗaya suna ta fara'a. Sai a ce ka sayi kaso a gonar kaji ko ta masara, bayan wata shida a maido maka da uwar kuɗinka haɗe da ribar kashi 30 ko 40 cikin ɗari. Daga nan su ɗora da maganar da ta fi kama zuciya, wai kuɗinka ne zai raba matasan gida da zaman kashe wando.

Sun san wanda suke farauta. Bankin Duniya ya ce a 2023 kuɗin da mazauna waje suka aika ƙasashe masu tasowa ya kai dala biliyan 656, Najeriya kaɗai ta samu kusan biliyan 20. Da yawa cikin masu aikawar sun gaji da tura kuɗin da ake cinyewa wata-wata, suna son abin da zai tsaya da ƙafarsa. Ga shi kuma ba za su iya tsallakowa su ga gonar da idonsu ba.

Duk wanda ya taɓa noma ya san ba a yanke masa riba tun kafin shuka. Kajin nama kan isa sayarwa cikin mako shida zuwa takwas, amma murar tsuntsaye tana iya share ɗaki guda cikin 'yan kwanaki. Tsutsar nan mai cin masara da ta ɓulla a Afirka a 2016 har yau manoma na fama da ita. Ga fari, ga ambaliya, ga faɗuwar farashi da kaka. To wanda ya ce maka ribarka kaza ce, ranar kaza, ko an yi ruwa ko ba a yi ba, daga ina zai ɗebo ta? Daga aljihun wanda ya shigo bayanka. Shi ya sa biyan farko kan zo a kan kari, har da saƙon godiya, don ka ƙara jari ka kuma jawo abokanka.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 2012, a jihar Tamil Nadu ta Indiya, dubban mutane sun yi asara a kiwon emu, wani tsuntsu mai kama da jimina. An ba su 'yan tsaki da alƙawarin biya duk wata, ashe naman ba shi da kasuwar kirki, da sababbin masu zuba kuɗi suka ƙare sai komai ya rushe. A Najeriya ma, wajajen 2020 da 2021, dandalin noma na intanet da dama sun kasa biyan jama'a. Wasu gonakinsu na gaske ne annobar korona ta durƙusar da su, wasu kuwa ko kunyar shuka ɗaya ba su taɓa yi ba.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne takardar rajista. Rajistar kamfani, irin ta CAC a Najeriya, shaida ce kawai cewa akwai kamfani mai wannan suna. Izinin tara jari daga hannun jama'a yana wurin hukumar kula da hannun jari ta ƙasar, wato SEC a Najeriya, wadda ta fitar da ƙa'idojin irin wannan tara kuɗi a 2021. Ka duba sunan a shafin hukumar da kanka, kar ka yarda da hoton takarda da aka turo maka.

Kiran bidiyo daga cikin gona ma ba hujja ba ne, ana aron gonar wani na yini guda. Ka tura mutumin da ka amince da shi, ba tare da sanarwa ba, kuma wanda ba shi da kamasho a ciki (sau da yawa ɗan uwan da ya kawo maka tallan yana da nasa kason, ko da bai faɗa ba). Ya nemi takardar mallakar fili ko ta haya, ya tambayi wa ke sayen amfanin, akwai inshora ko babu. Matasan da ake taƙama da su kuwa, ya ja biyu ko uku gefe ya tambaye su yaushe suka fara aiki, yaushe aka biya su albashin ƙarshe. Idan aka ce a tura kuɗi asusun wani mutum maimakon na kamfani, magana ta ƙare.

Wanda ya riga ya shiga, ya daina sake juya riba, ya nemi uwar kuɗinsa a rubuce. In suka ce sai ka biya kuɗin cirewa ko na haraji kafin a sake maka, kada ka ƙara ko sisi. Ka adana rasit da duk saƙonnin da kuka yi, ka kai ƙara hukumar hannun jari da ta yaƙi da zamba a ƙasar da kamfanin yake, irin EFCC a Najeriya, ka kuma sanar da duk wanda ya shiga ta hannunka tun yau.