Jitar bes ta wenge da maɗaci: wata bakwai a hannuna

Na fi shekara goma ina kaɗa bes, wato jita mai kaurin sauti, a gidajen biki da situdiyo nan Katsina, kullum da jitocin gwanjo. Bara na cije na ba wani mai ƙera jita a Legas aiki ya yi mini tawa. Kuɗin da na zuba zai sayi babur, har yau Yaya bai daina yi mini gori ba.

Tsirkiya huɗu na nema, tsawo inci 34, ma'aunin da kamfanin jita na Fender suka kafa tun 1951. Wuyan na katakon wenge ne, baƙin icen nan na dazuzzukan Kongo da Kamaru wanda kamfanin Warwick na Jamus ya yi suna da shi. Gangar jikin na so katakon bubinga, sai maƙerin ya ce tun 2017 aka sa shi cikin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe, ga tsada ga nauyi. Ya kawo shawarar maɗaci. Dariya na yi, don ni a wurina maɗaci ɓawon da ake jiƙa wa mai ciwon ciki ne. Ashe dangin mahogani ne, kuma da aka goge shi aka shafa mai, ja ya fito kamar garwashi.

Sauti kam ba magana. Tsirkiyar ƙasa tana fita da kauri amma ba ta cakuɗewa, ko mai kalangu ya yi zafi kana jin kowane bugu daban. Ran da na fara kai ta wani biki a Ƙofar Ƙaura, mai haɗa mana sauti ya ɗago kai ya ce, "Malam, lasifika ka canza?" Wuyan kuma ba a yi masa fenti ba, kana jin ƙananan ramukan katakon a tafin hannu, gumi ba ya sa shi danƙo. Wannan ya fi komai burge ni.

Sai hunturu ya shigo. A damina ta iso, katakon ya sha raɓar Legas. Cikin Disamba wata safiya na zura hannu a wuyan, na ji kamar zarto. Icen ya bushe ya tsuke, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa haka, sai bakin ƙarafan da ke jere a wuyan suka leƙo waje, ɗaya ya yanke ni a gindin manuniya. Na kira maƙerin, ya ce ai haka katako yake. Gaskiya ne, amma ya san inda zai aiko da ita, kalma ɗaya bai faɗa mini ba. Wani kafinta a unguwarmu ya liƙe katakon da salatif ya bi bakin ƙarafan da ƙaramin magagari, ni kuma na ɗan murɗa sandan ƙarfen da ke cikin wuyan da alanki. Yanzu jiƙaƙƙen soso nake ajiyewa a roba mai huji cikin akwatinta.

Nauyinta ma ba wasa ba, bayan awa uku a tsaye kafaɗata sai ta faɗa mini. Na kai wa dukawa sun ɗinka mini faffaɗan maratayi na fata, an samu sauƙi.

Zan sake ba shi aiki, ta tsirkiya biyar nake hange. Amma a watan Janairu zan ce ya aiko da wuyan, ya kwana biyu a ɗakina ya sha iskar Katsina kafin a kafa masa ƙarfe.