Gidan gonar da muka kai saniya da karsana barbara a hanyar Zango

Duk mai saniya ɗaya ko biyu a bayan gida a nan Daura ya san wahalar neman bijimi. Ba ka ajiye sa don shanu biyu, cinsa kaɗai zai lashe ribar nonon. Abin da aka saba shi ne a roƙi makiyayin da ke gefen gari ya karɓi saniyar ta bi garke, duk wanda ya hau ta shi ke nan, sai ta haihu ka ga kamannin uban. Bara da kaka mu kam wata hanya muka bi. Akwai gidan gonar wani dattijo a kan hanyar Zango da ke ajiye bijimai musamman don barbara, can muka kai namu. Yanzu duka biyun sun haihu, shi ya sa nake ganin lokacin magana ya yi. Wurin ya ci kuɗinsa, amma akwai gyara babba guda da zan faɗa ba tare da kwana-kwana ba.

Saniyar ta Inna ce, farar Bunaji, haihuwarta uku, ita ke ba gidan nonon fura da na yara. Karsanar 'yar saniyar ce, ta haura shekara uku ba a taɓa hawanta ba.

Bijimai huɗu muka tarar, kowane a turkensa: Bokoloji ƙato mai leɓe har ƙasa, Bunaji, jan Azawak, sai wani ruwa biyu, rabinsa Bunaji rabinsa Firiziyan, wato jinsin shanun Turai masu yawan nono. Idona a kan Bokolojin ya tsaya, kamar yadda na kowa zai tsaya. Na ce, "Baba, wannan nake so ya hau su duka." Ya ce, "Malam, bari in ga karsanar tukuna." Ya zagaya bayanta, ya ɗora tafukansa biyu a kan ƙasusuwan ƙugunta ya auna faɗinsu, ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya ja baya ya kwatanta tsayinta da na uwar. Sannan ya ce ta isa, don ta kai kashi biyu cikin uku na jikin uwarta, amma ba wa Bokolojin ba. "Dubi kafaɗarsa, dubi goshinsa. Haka ɗansa zai zo, kuma ta wannan ƙugun zai bi."

Wannan maganar ce ta sa na yarda da wurin. Mai neman kuɗi kawai zai ba ka abin da ka nuna. Karsana tana ɗauke da ciki ne alhali ita ma ba ta gama girma ba, in aka haɗa ta da bijimi mai manyan 'ya'ya, ranar haihuwa sai an sa igiya an ja, wani lokaci a rasa ɗan, wani lokaci har uwar ta kwanta ba ta tashi ba. Haihuwar fari ba wurin neman ƙaton maraƙi ba ne. Saniyar da ta haihu uku lafiya, ita ce za a iya gwada mata babban jini. Don haka shanun biyu, bijimi biyu, ko da gida ɗaya suka fito.

Ya kuma tambaye mu garken da aka yi wa saniyar barbara lokacin da ta ɗauki cikin karsanar. Ashe Bunajinsa daga wannan yankin ya saye shi, sai ya cire shi daga lissafi don kada a je uba ya hau 'yarsa ko ɗan'uwa ya hau 'yar'uwarsa. Ban taɓa jin dillali a kara ya yi wannan tambayar ba, ko a Mai'adua ran Lahadi da ake tara shanu daga ko'ina.

Wa karsanar ya zaɓi Azawak. Jinsi ne na Nijar, matsakaicin jiki, mai jure zafi da ƙarancin ciyawa, kuma an san shi da nono a cikin shanun Sahel. Gwamnatin Nijar ta daɗe tana tace shi a tashar kiwo ta Tukunus. Mu da ke bakin iyaka, ƙasarmu da tasu kusan ɗaya ce, ba baƙon yanayi zai zo ba.

Abin da ya fi burge Inna shi ne uwar bijimin tana nan a gonar, kuma ba su hana a ga ana tatsarta ba. Muka koma da sassafe. Yaron gidan ya saki maraƙi ya ɗan tsotsa har ta saki nono, ya ja shi ya ɗaure a ƙafarta ta gaba, ya tsuguna da ƙwarya tsakanin gwiwoyinsa. Inna ta matsa kusa, ta sa hannu ta taɓa hantsar. A ɗame take, ba ta zubo ƙasa ba, kawunan nonon huɗu daidai wa daida, ba wanda ya yi kaurin da hannu zai gaji, ba wanda ya mutu. Saniyar ko ƙafa ba ta ɗaga ba, sai tuƙa take. Da aka gama hantsar ta saki ta yi laushi, alamar nono ne a ciki ba tsoka ba. Inna ta ce, "Alhaji, wannan ko jikata za ta tatse ta." Bijimi ba ya nuna nono a jikinsa, sai a uwarsa da 'ya'yansa mata. Duk wurin da aka hana ka ganin uwar, ƙaho da tozo kaɗai aka sayar maka.

Saniyar Inna kuwa aka ba ta ruwa biyun, ɗanta ya zo da kashi ɗaya cikin huɗu na jinin Turai. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya ta daɗe tana haɗa Firiziyan da Bunaji, kuma nono yana ƙaruwa, babu musu. Sai dai jinin nan da kuɗinsa yake zuwa: ƙarin dusa, ƙarin ruwa, inuwa a watan Afrilu, da yaƙi da kaska da kirci. A ganina gidan da harawa da dusar gero ce abin dogaronsa, kashi ɗaya cikin huɗu ya ishe shi.

Kafin a sake su na duba bijiman da kaina, ba su ji haushi ba. Marainan kowane biyu ne daidai, a rataye, ba kumburi. Ƙafafun baya lafiya, wanda dole ne tunda a kansu zai tsaya. Gwiwoyi ba ruwa. Azawak ɗin yaro ɗan shekara goma sha ke jansa da igiya.

Yanzu gyaran. Na nemi takardar gwajin bakkale, aka kawo mani, amma ta tsufa, an yi shekara fiye da ɗaya da gwajin. Abin da ya fi damuna, ba su neman komai daga shanun da ake kawowa. Kowa ya sauke tasa, a haɗa su wuri ɗaya, su sha a kwami ɗaya. Bakkale ba ciwon wasa ba ne. Yana sa saniya ta yi ɓari a watannin ƙarshe na ciki, mabiyiya ta maƙale, ta daɗe ba ta sake ɗauka ba, kuma yana kama mutum ta ɗanyen nono, ya zo da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, a yi ta shan maganin maleriya a banza. Saniya ɗaya da ta yi ɓari kwanan nan ta isa ta shafa wa sauran. Na faɗa wa dattijon, ya ce in ya tsaurara mutane za su gudu. Ban karɓi wannan uzurin ba. Likitan dabbobi yana ɗibar jini ya gwada, kuma wurin da ya san ya auna ƙugun karsana bai kamata ya bar wannan ƙofar a buɗe ba. Da namu suka dawo mun kira likita ya gwada su, Allah Ya tsare, kuma nonon gidanmu sai an tafasa.

Akwai kuma ƙaramin gyara, waya. Saniya na neman bijimi ne kusan duk kwana 21, kuma abin ba ya kai yini da kwana, sau da yawa ma cikin dare yake farawa. Ranar da ta Inna ta tashi da kuka tana zubar da yauƙi tana neman hawan 'yarta, tun asuba nake kira ba a ɗauka ba sai da hantsi ya yi. Muka loda ta a a-kori-kura muka tafi. Wurin da aikinsa ke rataye da 'yan awoyi ya kamata a sami mai riƙe waya. Karsanar ita can muka bar ta wajen wata guda, don nata neman ba ya fitowa fili. Ta dawo ba ta rame ba, amma da kaska a kunnuwa da ƙarƙashin wutsiya.

Kuɗin bai wuce na buhun dusa biyu a kan kowace ba, abincin wadda za ta kwana kuma kai za ka kai. Na ji daɗin yadda ya tsara cinikin. Akwai hadisin da ya hana karɓar kuɗin barbarar namijin dabba, malamanmu na Malikiyya kuma sun halatta haya idan an ƙayyade kwanaki ko yawan hawa, ba a ce sai ta ɗauki ciki ba. A kan kwanaki yake yanka kuɗinsa. In saniya ta dawo neman bijimi bayan mako uku yakan ce a maido ta, wannan alheri ne daga gare shi, ba ya cikin sharaɗi.

Barbarar Oktoba ta ba mu haihuwar Yuli, wata tara da 'yan kwanaki, daidai lokacin da ciyawa ta fito. Karsanar ta haihu ita kaɗai kafin gari ya waye, 'yar maraƙa ja ƙarama, da muka fito har ta miƙe tana shan dakashi. Saniyar ta haifi namiji mai dabbare-dabbaren baƙi, ya fi girma nesa, ita ma ba a taimaka mata ba. Shi ba zai zauna a gidan da marainansa ba, tunda uwarsa da yayarsa ke turken. Dattijon ya ce in an yaye shi mu kawo ya duba, ko ya saya ko ya musanya mana da karsana. In ba mu daidaita ba, dandaƙa za a yi mashi a turke shi don layya.